Laƙabin Siyasa, Ƙuri'a da Harajin Masu Hannu da Shuni

Akwai batutuwa uku da aka saba tattaunawa a kansu daban-daban, alhali kuwa tushensu guda ne: laƙabin da 'yan siyasa ke yi wa kansu da abokan hamayyarsu, da amfanin fita jefa ƙuri'a, da kuma adadin harajin da ya kamata masu dukiya su biya. Abin da ya haɗa su shi ne tambayar da kowace gwamnati ke amsawa a cikin kasafin kuɗinta, ko ta faɗa da baki ko ba ta faɗa ba, wato wa zai ɗauki nauyin tafiyar da ƙasa, kuma wa zai ci moriyar abin da aka tara. Laƙabi alkawari ne game da amsar wannan tambaya, dokar haraji ita ce amsar a aikace, ƙuri'a kuma ita ce hanyar da wanda ba shi da dukiya ke samun ta cewa a ciki. Tarihin siyasar Arewacin Nijeriya ya nuna wannan dangantaka a sarari, domin a can ne haraji ya taɓa zama abin da ke raba jam'iyya da jam'iyya, kuma a can ne aka ga yadda laƙabi ke zama fanko idan aka raba shi da wannan tambaya.

Asalin laƙabi da iyakarsa

Rabon 'yan siyasa zuwa ɓangaren hagu da na dama ya samo asali ne daga majalisar Faransa a shekarar 1789, lokacin da masu goyon bayan ikon sarki suka riƙa zama a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma suka taru a hagunsa. Daga baya kalmomin sun faɗaɗa, har ɓangaren dama ya ƙunshi masu ra'ayin riƙau, waɗanda ke son a bar tsarin da aka gada yadda yake, a rage hannun gwamnati a kasuwa, a kuma sauƙaƙa haraji, yayin da ɓangaren hagu ya ƙunshi masu ganin cewa wajibi ne hukuma ta rage tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi, ta hanyar karɓa daga na sama domin a gina makaranta da asibiti ga kowa. Amfanin irin wannan suna a bayyane yake, domin mai jefa ƙuri'a ba shi da lokacin karanta kowane ƙudurin doka, saboda haka yakan dogara da laƙabi domin ya yi hasashen inda ɗan takara zai karkata.

Sai dai hasashen ba koyaushe yake yin daidai ba, ko a ƙasashen da laƙabin ya daɗe da kafuwa. A Amurka, a zamanin Shugaba Eisenhower na jam'iyyar Republican, wadda ake ɗauka ta 'yan dama, harajin da ake ɗora wa matakin ƙarshe na kuɗin shigar manyan attajirai ya tsaya a kan kashi 91 cikin 100, kuma bai yi yunƙurin rushe shi ba. A ɗaya ɓangaren, dokar 1986 da ta sauko da wannan haraji zuwa kashi 28 a zamanin Shugaba Reagan ta samu ƙuri'un 'yan jam'iyyar Democrat masu yawa, duk da cewa su ake kira 'yan hagu. Wannan na nuna cewa yanayin zamani, da matsin lambar masu zaɓe, da ƙarfin masu zuba kuɗi a siyasa, sun fi sunan jam'iyya tasiri a kan abin da ake rubutawa a dokar haraji.

Lokacin da laƙabi ke da ma'ana a Arewa

Ƙorafi a kan haraji tsohon abu ne a ƙasar Hausa, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa *Kitab al-Farq* ya lissafa jangali da sauran kuɗaɗen da sarakuna ke ɗora wa jama'a cikin zaluncin da ya zarge su da shi. Da Turawan mulkin mallaka suka zo, ba su soke waɗannan kuɗaɗe ba, sai suka haɗe su ƙarƙashin dokar Lugard ta 1906, suka kuma kafa baitulmali a masarautu, wanda daga cikinsa ake biyan sarki da hakimai da alƙalai albashi. Yadda ake karɓar harajin ya isa ya bayyana dalilin ƙiyayyar da aka yi masa: ana yanka wa gari adadi, hakimi ya sauke wa dagaci, dagaci ya sauke wa mai unguwa, shi kuma ya bi gida-gida bayan kaka, a daidai lokacin da hatsi da gyaɗa suka fi araha, ta yadda manomi zai sayar da amfanin gonarsa a wulaƙance domin ya karɓi takardar shaidar biya. Makiyayi kuma ana ƙirga masa shanu kai-kai, abin da ya sa wasu kan kora garkensu daji ko su tsallaka iyaka idan lokacin jangali ya ƙarato. Babban aibin tsarin shi ne cewa abin da ake karɓa daga matalauci bai yi nisa da abin da ake karɓa daga mawadaci ba, idan aka auna shi da ƙarfin kowannensu.

A wannan yanayi aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma sanarwar manufofinta ta Sawaba ta bayyana al'umma a matsayin ɓangarori biyu masu karo da juna, wato masu riƙe da mulkin En'e a gefe guda da talakawa a ɗaya gefen. Duk wanda ya ce shi ɗan NEPU ne a wancan zamani ya san abin da ya ɗauka wa kansa, domin sunan yana iya kai shi gidan yari, kuma kowa ya san matsayinsa a kan aikin tilas da haraji da ikon hakimai. Haka nan magoya bayan jam'iyyar NPC, abokiyar hamayyar NEPU, suna da hujjar da suka tsaya a kai, cewa tsarin sarauta shi ne ginshiƙin zaman lafiya, kuma gyara a hankali ya fi rushewa. Lokacin da PRP, magajiyar NEPU a ƙarƙashin Malam Aminu Kano, ta ci zaɓen gwamna a Kano da Kaduna a 1979, Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a jihohinsu da hawansu mulki. Wannan na daga cikin misalai ƙalilan a tarihin ƙasar inda aka ga layi miƙaƙƙe daga laƙabi zuwa ƙuri'a, daga ƙuri'a kuma zuwa dokar haraji.

Yadda laƙabi ya rabu da aƙida

Wannan layi bai daɗe ba. PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, aka tsige Balarabe Musa a 1981, sannan sojoji suka karɓe mulki a ƙarshen 1983. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu da kanta, ta rubuta musu manufofi, ta ce SDP ta ɗan karkata hagu, NRC kuma ta ɗan karkata dama, ma'ana aƙida ta zama abin da hukuma ke rabawa maimakon abin da jama'a ke ginawa. Tun daga 1999 zuwa yau, sauya sheƙa ya zama ruwan dare, ta yadda gwamna zai kwana a wata jam'iyya ya tashi a wata ba tare da ya canza ko layi ɗaya a kasafin kuɗinsa ba. Laƙabban da suka fi ƙarfi a yanzu sukan ɗauki sunan mutum ne, kamar Kwankwasiyya da Gandujiyya a Kano, kuma duk da cewa suna iya tara dubban mabiya masu kishi, ba sa gaya wa mai zaɓe matsayin tafiyar a kan wanda ya kamata ya biya haraji.

Babban dalilin wannan sauyi shi ne man fetur. Tun daga shekarun 1970 kuɗin mai ya zama jigon asusun tarayya, jihohi kuma suka dogara da kason da ake raba musu duk wata daga Abuja, saboda haka gwamnati ta daina buƙatar roƙon ɗan ƙasa ya biya, ɗan ƙasa kuma ya daina ganin kuɗin gwamnati a matsayin guminsa. Soke haraji da jangali ya sauke wa talaka nauyi na gaske, amma ba a maye gurbinsa da tsarin da zai kai ga manyan masu dukiya ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa harajin da aka tara a 2021 bai kai kashi 11 cikin 100 na jimillar abin da ƙasar ke samarwa ba, wanda hakan ya gaza matsakaicin ƙasashen Afirka.

Wannan ba ya nufin talaka ya daina biya. Yana biyan harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan kaya da hidima a lokacin saye, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 a 2020, kuma irin wannan haraji ya fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi domin shi ne ke kashe duk abin da ya samu. Mai sayar da tumatir a kasuwa yana yankar tikiti kullum ko ya yi ciniki ko bai yi ba, mai ɗauko dabbobi zuwa Kudu yana biya a shinge bayan shinge, kuma hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024 bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira, tana cinye albashi da ɗan abin da aka ajiye, alhali mai gidaje da filaye da dala yana ganin darajar kadararsa tana hawa tare da farashi.

Hanyoyin ɗora wa masu dukiya haraji

Hanya ta farko ita ce harajin kuɗin shiga mai hawa-hawa, wanda a cikinsa ake raba abin da mutum ya samu zuwa matakai, kowane mataki da nasa kaso. Dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a farkon 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, ta ɗora kashi 15 a kan naira miliyan 2.2 da ke biye, matakan suna ci gaba da hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Wanda kuɗinsa da ake yi wa haraji ya kai miliyan 3 zai biya naira 330,000, wato kashi 11 na jimillar, domin babban kaso ba ya komawa baya ya ci matakan da ke ƙasa, kuma rashin fahimtar wannan ƙa'ida na daga cikin abubuwan da ke tsorata mutane a banza. Abin lura shi ne matakin ƙarshe a tsohuwar doka kashi 24 ne, saboda haka ƙarin da aka yi wa na sama maki ɗaya ne kacal, yayin da a Ingila matakin ƙarshe yake kashi 45, a Amurka kuma kashi 37 a matakin tarayya.

Raunin wannan hanya shi ne ta fi kama mai albashi, domin ana cire masa tun kafin kuɗi su shiga hannunsa, alhali babban attajiri ba da albashi yake rayuwa ba. Dukiyarsa tana cikin hannun jari da filaye da gine-gine, waɗanda darajarsu ke ƙaruwa ba tare da an biya komai ba muddin bai sayar ba, kuma yana iya cin bashin banki da su a matsayin jingina ya biya buƙatunsa. Shi ya sa attajirin Amurka Warren Buffett ya bayyana a 2011 cewa kason da yake biya bai kai na ma'aikatan ofishinsa ba. Daga nan ne aka samu hanya ta biyu, wato harajin da ake ɗorawa a kan dukiyar kanta duk shekara, wanda ba baƙon tunani ba ne ga al'ummar Musulmi, tunda zakkar kuɗi da kayan ciniki kashi biyu da rabi ce na abin da ya kai nisabi ya kuma shekara, ko da yake zakka ibada ce mai ƙayyadaddun masu karɓa, ba ta zama madadin kuɗin gina hanya da biyan malamai ba. A taron ƙasashen G20 na 2024 a Brazil an tattauna shawarar masanin tattalin arziki Gabriel Zucman ta karɓar aƙalla kashi 2 na dukiyar masu biliyoyin dala duk shekara.

Masu adawa da wannan hanya suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Suna cewa jari yana gudu zuwa inda aka sauƙaƙa masa, cewa ƙiyasta darajar kamfani ko kadara abu ne mai wuya da ke buɗe ƙofar cin hanci, kuma abin da ake tarawa sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Ƙasashe 12 na ƙungiyar OECD ne ke da irin wannan haraji a 1990, amma zuwa 2017 huɗu kawai suka rage, Faransa ma daga baya ta taƙaita nata zuwa gidaje da filaye, ko da yake Suwizalan da Norway da Sifen sun ci gaba da nasu. Darasin da ya dace da Nijeriya daga wannan shi ne a fara da abin da ba ya iya tsallaka iyaka, wato harajin manyan gidaje da filayen birane, da toshe kafar yafe haraji ga manyan kamfanoni, da tilasta biyan abin da doka ta riga ta tanada. Akwai kuma hujjar da ta fi kowacce ƙarfi a bakin jama'a, cewa ƙara wa gwamnatin da ba ta riƙon amana kuɗi ƙarin ɓarna ne kawai, kuma amsar wannan hujja ba ta cikin dokar haraji, tana wurin akwatin zaɓe.

Matsayin ƙuri'a

Tun farko ƙuri'a a Nijeriya a ɗaure take da dukiya, domin a ƙarƙashin tsarin mulkin Clifford na 1922 maza masu samun fam 100 a shekara a Legas da Kalaba ne kaɗai ke zaɓen wakilai huɗu. A Arewa zaɓen 1951 an yi shi ne hawa-hawa ta hanyar wakilai, tsarin da ya sa NEPU ta yi nasara a matakin farko a Kano amma ta tashi babu kujera a ƙarshe, mata kuma ba su samu 'yancin zaɓe ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure sau da dama. Duk da wannan tarihi, fitowar masu zaɓe tana ta raguwa: daga kusan kashi 69 a zaɓen shugaban ƙasa na 2003, zuwa kusan 44 a 2015, da kusan 35 a 2019, har zuwa kusan 27 a 2023, lokacin da mutum fiye da miliyan 93 suka yi rajista amma waɗanda suka fito ba su cika miliyan 25 ba, wanda ya yi nasara kuma ya samu ƙuri'u miliyan 8.79.

Dalilan ƙaurace wa zaɓe ba na banza ba ne, domin maguɗi da bangar siyasa da hukuncin kotu da ke sauya sakamako duk sun faru a idon jama'a. Amma ƙauracewa tana sauƙaƙa maguɗin ne, saboda sayen rinjaye a cikin mutum ɗari ya fi araha a kan sayensa a cikin dubu, kuma ƙaramar tazara ce ta fi saurin juyuwa. A zaɓen gwamna na 2019 ƙuri'u 342 ne suka raba Aminu Waziri Tambuwal da abokin hamayyarsa a Sakkwato, a Kano kuma tazarar ba ta kai 9,000 ba a cikin ƙuri'u fiye da miliyan biyu. Waɗannan kujeru suna da muhimmanci ga batun haraji kai tsaye, domin harajin kuɗin shigar mutane da na filaye jihohi ne ke karɓar mafi yawansa, kuɗaɗen kasuwa da tasha kuma na ƙananan hukumomi ne.

Sayar da ƙuri'a ya fi ƙauracewa illa. Jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100 a 2022, PDP kuma miliyan 40, dokar zaɓe ta wannan shekara ta amince ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe har naira biliyan 5, saboda haka kusan babu mai kai wa ga kujera sai mai dukiya ko wanda masu dukiya suka ɗauki nauyinsa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Taliya da sabulu da atamfar da ake rabawa ana gobe zaɓe daga wannan aljihu suke fitowa, kuma wanda ya karɓa ya sallama haƙƙinsa na tuhuma na shekara huɗu a kan abin da ba zai kai mako ba. Inda ƙuri'a ta gaza ɗaukar koken jama'a game da haraji, koken yakan fita kan titi, kamar boren matan Aba a 1929, da na matan Abekuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti wanda ya sa Alake, sarkin garin, ya sauka daga karaga a 1949, da zanga-zangar matasan Kenya a watan Yunin 2024, wadda ta tilasta wa Shugaba William Ruto janye ƙudurin ƙarin haraji bayan an yi asarar rayuka.

Ma'aunin da ya fi laƙabi

Muhawarar da aka yi kafin zartar da dokokin haraji na 2025 ta nuna inda siyasar ƙasar take, domin mafi zafin saɓanin ya kasance ne tsakanin gwamnonin Arewa da gwamnatin tarayya a kan yadda za a raba kuɗin VAT tsakanin jihohi, wato an yi ta gardama a kan rabon abin da aka tara fiye da yadda aka yi a kan wanda za a karɓa daga hannunsa, kuma layin saɓanin ya bi yanki ne, bai bi jam'iyya ko aƙida ba. Muddin haka abin yake, sunan jam'iyya da launin hula ba za su wadatar da mai zaɓe ba. Abin da zai iya aunawa shi ne yadda ɗan majalisarsa ya kaɗa ƙuri'a a kan dokar haraji da kasafin kuɗi, da ko gwamnansa yana wallafa abin da jiha ta tara da inda ya tafi, da ko manyan gidajen unguwannin masu hali suna biyan wani abu a lokacin da ake bin mai tireda da tikiti. Jam'iyyar da ta amsa waɗannan tambayoyi a rubuce kafin zaɓe, ta kuma tsaya a kan amsarta bayan ta hau mulki, ita ce laƙabinta zai sake zama abin dogaro, kuma babu abin da zai tilasta mata yin hakan sai sanin cewa mafi yawan waɗanda suka yi rajista za su fito, kuma za su hukunta ta a kan abin da ta aikata.